A sallami tsohuwar Windows, amma a fara kwashe kaya

Akwai kwamfutoci barkatai a shagunan buga takardu da ofisoshi da ɗakunan malaman makaranta waɗanda idan an kunna su ba sa wucewa kai tsaye, sai sun tsaya sun yi tambaya. Allo ya fito da layi biyu, Windows 10 a sama da Windows 7 a ƙasa, ko Ubuntu a sama da Windows a ƙasa. Mai ita ya danna na saman ko dubawa bai yi ba, ko ya ƙyale ta ta ƙirga 'yan daƙiƙunta ta zaɓa da kanta. Ka tambaye shi rabonsa da shiga na ƙasan, ya ce tun kafin azumin bara waccan. Ka ce to me ake jira ba a cire ta ba? Ya ce, "A bar ta dai, ko don wata rana."

Ni ina tare da masu cewa a cire. Ajiye babbar manhaja biyu a faifai ɗaya dabara ce ta lokacin ƙaura, sa'ad da mutum bai gama sabawa da sabuwa ba, bai kuma gama kwashe aikinsa daga tsohuwa ba. Da zarar ƙaurar ta kammala, zaman tsohuwar ba ya ƙara komai sai haɗari. Sai dai ban yarda da yadda ake cire ta a yawancin teburan gyara ba, inda ake buɗe jerin yankunan faifai a goge ɗaya cikin minti biyu, a miƙa wa mutum kwamfutar da ta daina tashi, ko wadda ta tashi amma aikinsa na shekaru ya bi ruwa. Mai ajiyewa don tsoro da mai gogewa don gaggawa, babu wanda ya tsaya ya leƙa abin da ke cikin yankin nan.

Kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows XP gyaran tsaro ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 ta bi su a Janairu 2023. Kafar da aka gano a jikinsu bayan waɗannan ranaku haka za ta zauna a buɗe. Burauzar Chrome ma ta tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. Idan ka faɗi wannan, amsar da za ka ji ita ce, "Ai ba shiga nake yi ba, ina ruwan ɓarawo da ita?" Akwai gaskiya a nan. Manhajar da ba a tayar ba fayiloli ne kawai kwance, ba ta cizo. Ɓarnar tana zuwa ne a ranar da aka tayar da ita, kuma ranar ita ce dai "wata rana" ɗin da aka ajiye ta dominta. Sabuwar ta ƙi buɗewa, kwastoma na tsaye yana duba agogo, sai a faɗa tsohuwar, a soka mata filash ɗin kwastoma, a jona ta da intanet. Ita kuwa ta yi shekaru ba sabuntawa, manhajar kariyarta ta mutu tuntuni, ga shi tana ganin sauran yankunan faifan duka har da na sabuwar, tana kuma iya rubutu a kansu muddin ba a kulle su ba. Bairos ɗin nan na filash da ke ɓoye fayiloli ya bar wa mutum inuwarsu, wanda duk mai shagon buga takardu ya san shi, ba ya tambayar wace manhaja ce ta yau da kullum kafin ya bazu.

A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnatin Birtaniya da dama sai da suka soke ganin marasa lafiya. Mafi yawan kwamfutocin da ta kama Windows 7 ce a kansu, kuma Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris, ba a dai saka ba ne. A wancan lokacin ke nan, ana da magani aka yi sakaci. Windows 7 ɗin da ke kwance a layin ƙasa yau, ko an so saka mata sabon magani babu shi.

Ƙananan wahalhalun kuwa kowa ya san nasa. Laftof ɗin tokunbo da yawa da faifai mai gigabait 128 ko 256 suke zuwa, tsohuwar manhaja ta cinye kaso mai tsoka, sabuwar tana kukan rashin fili. Masu Windows da Linux tare suna fama da agogo: Linux tana saita agogon cikin na'ura a kan lokacin Greenwich, Windows kuma tana karanta shi a matsayin lokacin gari, don haka a Najeriya da Nijar sai ka fito daga Ubuntu ka tarar Windows ta koma baya da awa ɗaya. Mutumin Kumasi bai san wannan ciwon ba, tunda lokacin Gana da na Greenwich ɗaya ne. A watan Agusta 2024 ma wani sabuntawar tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a kwamfutocin mutane da dama masu manhaja biyu.

To amma me ya sa cirewar take zama tashin hankali? Kwamfuta ba ta san Windows ba a lokacin da aka danna mata makunni. Abin da ta sani shi ne ta nemi wata 'yar ƙaramar manhaja a wani keɓaɓɓen wuri a faifai, ita kuma wannan ta nuna mata inda babbar take. Layi biyun nan da ake gani a allo aikin ƙaramar ne. Da ake saka sabuwar manhaja a gefen tsohuwa, ba a gina wa sabuwar nata wurin tashi daban ba, an ɗora ta ne a kan wanda aka tarar. Kamar gidan da aka yi wa sabon sashe aka ja masa wuta daga mitar tsohon sashe: ranar da aka rushe tsohon ɗaki har da bangon da mita take, sabon sashe yana nan lafiya lau amma cikin duhu.

A tsofaffin kwamfutoci masu tsarin BIOS, idan an saka Windows 7 a gefen XP, fayilolin tashin Windows 7 suna sauka ne a cikin yankin XP ɗin kanta. Idan Windows 10 ce aka saka a gefen 7, takan yi amfani da ɗan yankin nan mai megabait 100 da Windows 7 ta ware tun farko, mai suna System Reserved, wanda mai gyara mai gaggawa yake wa kallon tarkacen tsohuwa. A goge shi, a sake kunnawa, sai baƙin allo yana cewa BOOTMGR ya ɓata. A sababbin kwamfutoci masu tsarin UEFI akwai wani ƙaramin yanki mara harafi da ake kira EFI, wanda duk manhajojin da ke kan faifan suke tarayya a kansa. Shi ba a taɓa shi. Ga masu Linux kuma, manhajar da ke fito da jerin zaɓin, wato GRUB, kanta yana gaban faifai ko cikin EFI amma sauran jikinta yana cikin yankin Linux. Wanda ya shiga Windows ya goge yankin Ubuntu ya raba kan da jiki, gobe kwamfuta ta tsaya a layin "grub rescue" tana jiran umarnin da bai sani ba. Windows ɗinsa na nan, fayilolinsa na nan, hanya ce ta toshe. A daidai wannan gaɓar ne ake yin asarar gaske, domin mai gyara na biyu yakan duba ya ce, "Sai dai fomatin," a share abin da bai lalace ba.

Duk wannan ana iya ganinsa kafin a taɓa komai. A Windows, manhajar Disk Management tana rubuta alama a jikin kowane yanki. Wanda aka rubuta wa System shi ne mai riƙe da fayilolin tashi, wanda aka rubuta wa Boot shi ne mai ɗauke da Windows ɗin da kake ciki. Idan alamar System tana kan yankin tsohuwar manhaja, ba a isa gogewa ba tukuna. Windows da kanta za ta ƙi goge shi, kuma ƙin nan gargaɗi ne. Abin takaici shi ne wasu suna ɗaukarsa taurin kai, su tayar da kwamfutar daga filash da wata manhajar da ba ta musu, su goge. Abin da ya kamata shi ne a fara kwafe fayilolin tashi zuwa yankin da zai zauna, da umarnin bcdboot, a tabbatar kwamfuta ta tashi daga can. Idan Linux ce za a cire daga kwamfuta mai UEFI, a shiga saitin na'ura a ɗaga Windows Boot Manager zuwa sama, a kunna a ga ta wuce kai tsaye ba GRUB, sannan a yi maganar goge yanki. Akwai kuma masu shiga msconfig su share sunan tsohuwar daga jerin su ce sun cire ta. Suna kawai suka cire, ita tana nan da duk nauyinta. Amma wannan ba banza ba ne a matsayin gwaji: a ɓoye sunan, a yi wata guda ana aiki, a rubuta duk abin da aka nema aka rasa.

Wannan rubutawar ita ce ainihin aikin, kuma ita aka fi tsallakewa. Kowa yana tuna folda ta takardu da ta hotuna. Abin da ake mantawa shi ne abin da ba ya kama da fayil. Na taɓa zama a wani shagon tsara littattafai a Kano, wani dattijo marubuci ya shigo da laftof a hammata, fuskarsa ba walwala. An cire masa tsohuwar Windows, an kuma kwafe masa takardunsa duka, babu wadda ta ɓata. Amma da ya buɗe littafin da ya yi shekaru yana rubutawa, duk inda ya rubuta ƙasa sai ya ga }asa, ɗaya ta zama ]aya, ɓangare ya koma ~angare, shafi bayan shafi. Ya juya allon ga saurayin da ke shagon ya ce, "Ɗana, duba mini abin da suka yi wa littafina."

Yaron ya duba ya yi murmushi. "Baba, littafinka lafiyarsa ƙalau. Harafin da ka rubuta shi da shi ne ya tafi da tsohuwar."

Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace na'ura ta hanyar tsarin Unicode, masu buga Hausa sun daɗe suna dogaro da zubin haruffa na musamman irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Dabararsu ita ce aron maɓallan da Hausa ba ta cika buƙata ba: ka danna baka mai lanƙwasa, allo ya nuna maka ƙ. A cikin fayil ɗin baka ce a ajiye, zubin harafin ne ke sa mata kamannin ƙ. Shi kuma zubin ba a cikin takardar yake zaune ba, yana cikin foldar haruffa ta Windows, wato cikin yankin da aka goge. Yaron ya nemo zubin daga wata kwamfutar shagon ya saka, littafi ya dawo hayyacinsa nan take. Sannan ya ba shi shawarar da na fi so: a yi amfani da nema-da-sauyawa na Word a mayar da alamomin shida, manya da ƙanana, zuwa ƙ da ɗ da ɓ na gaskiya, don littafin ya daina dogaro da wani zubi. Dattijon ya yi sa'a shagon yana da zubin. Littattafai da mujallu da kundayen digiri nawa ne na Hausa suke kwance a tsofaffin yankunan faifai cikin wannan hali, sai mai su ya buɗe zai gani.

Irin wannan kayan da yawa. Kalmomin sirrin da tsohuwar burauza ta haddace wa mutum shi ya manta. Wasiƙun Outlook da ke dunƙule a fayil ɗaya cikin ɓoyayyar folda. Bayanan manhajar lissafin shago, waɗanda sau da yawa ba sa cikin foldar takardu. Fayilolin PageMaker, manhajar da Adobe ya fitar da zubinta na ƙarshe tun 2001 amma aka ci gaba da tsara littattafai da katin biki da ita shekaru bayan nan. Tsohuwar CorelDraw da ba a san inda faifan sakata da lambarta suke ba. Direban firinta ko na sikana da kamfanin ya daina sabuntawa. Wasu tsofaffin manhajoji ma, na zamanin 16-bit, ba sa tashi sam a Windows mai 64-bit, kuma Windows 11 ba ta da wani zubi sai shi. Saboda haka kwafe folda biyu bai wadatar ba. A ɗauki hoton yankin gaba ɗaya zuwa faifan waje, da manhaja kyauta irin Clonezilla, a kuma kwafe muhimman fayiloli daban a buɗe su a wata kwamfutar a ga suna buɗuwa. Da wannan hoton a aljihun tebur, "wata rana" ta samu amsarta ba tare da tsohuwar ta ci gaba da kwana a cikin kwamfutar aiki ba.

Abu biyu kuma a tanada kafin a fara: filash ɗin saka Windows ko Linux wanda aka gwada yana tashi, da lambar ceto ta BitLocker idan faifan a kulle yake. Lambar nan mai alƙaluma 48 ce, sababbin laftof da yawa suna kulle faifansu da kansu mai su bai sani ba, kuma taɓa tsarin tashi yana iya sa su nemi lambar. Wanda bai ajiye ta ba, babu injiniyan da zai buɗe masa.

Bayan gogewa sai maganar fili. Kowa yana so filin tsohuwar ya haɗe da na sabuwar ya zama babban C guda ɗaya. Disk Management ba ta faɗaɗa yanki sai idan filin banzan yana manne da shi ta dama, tsohuwar manhaja kuwa galibi ta hagu take, tunda ita aka fara sakawa. Don a haɗa su sai an ja yankin sabuwar gaba ɗaya zuwa hagu da manhaja irin GParted, aikin da kan ɗauki sa'o'i a kan tsohon faifai, wanda kuma idan ya katse a tsakiya yankin ya lalace. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, a kan laftof ɗin da batirinsa ba ya riƙe minti goma, ban ga dalilin wannan caca ba. A yi wa filin fomatin a ba shi harafin D, a mayar da shi ma'ajiyar takardu. Har riba ke nan, domin ranar da za a sake saka Windows, takardun suna gefe ba a taɓa su ba. Wanda kuma ya nace sai faifai ɗaya dunƙule, gara ya kwashe komai waje, ya share faifan baki ɗaya, ya saka sabuwar daga tushe.

Akwai waɗanda maganata ba ta hau kansu kai tsaye ba. Mai injin yanka sitika, mai keken surfani na kwamfuta, mai tsohuwar na'urar ɗakin gwaji, wanda direbanta XP ko Windows 7 kaɗai ya sani, ba zai jefar da injin miliyoyi saboda wa'adin Microsoft ba, kuma bai kamata ba. Amma wurin tsohuwar manhajarsa shi ne wata tsohuwar kwamfuta daban a gefen injin, wadda ba ta ganin intanet kuma ba a soka mata filash ɗin kowa. Idan manhaja ce kawai ake buƙata ba inji ba, VirtualBox kyauta ce, tana tayar da tsohuwar Windows a cikin taga, a killace. Abin da ba shi da hujja shi ne manhajar da ta mutu ta zauna a faifai ɗaya da wadda ake shiga banki da ita.

Masu gyara suna da nasu laifin, mu masu kai musu aiki muna da namu. Mutum ya zo ya ce, "Injiniya, cire mini wannan tsohuwar," ya kuma tsaya a kansa yana taya aikin kamar cire ƙusa ne. Injiniyan da ya ce a bar kwamfutar ta kwana, a kawo faifan waje, a zauna a lissafa abin da ke ciki, sai a ce yana neman ƙarin kuɗi, a wuce teburin gaba inda za a yi a minti goma. Mu muka koya musu gaggawar. Wanda ya tambaye ka da me kake buga takarda, da wane harafi kake rubuta Hausa, ko kana da lambar BitLocker, shi ya cancanci kuɗin.

Kuma maganar za ta ƙaru ne, ba raguwa ba. Windows 10, wadda ita ce "sabuwa" a yawancin kwamfutocin nan, ta kai wa'adinta ranar 14 ga Oktoba 2025, ƙarin wa'adin da aka sanar wa masu kwamfutar gida kuma shekara ɗaya ne. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma galibi sai injin zubi na takwas zuwa sama, wanda ya bar ɗimbin laftof ɗin tokunbo masu lafiya a waje. Da yawa za su saka Linux Mint ko Ubuntu a gefen Windows 10, kuma ga ɗalibi ko malami mai rubutu da bincike da intanet wannan hanya ce mai kyau: Ubuntu 24.04 tana da tallafi har 2029, LibreOffice tana buɗe takardun Word. Shawarata ga irin wannan ita ce tun ranar sakawa ya rubuta a takarda wane yanki ne na wa, ya sa wa Windows ɗin ranar tafiya, zangon karatu ɗaya ya isa. Mai shagon da CorelDraw ce abincinsa kuwa, Linux ba za ta ɗauke ta ba, kada wani ya ruɗe shi. Shi zaɓinsa biyu ne: ya tara kuɗin kwamfutar da Windows 11 ta yarda da ita, ko ya zare wa ta Windows 10 ɗin intanet ya bar ta ga zane kaɗai, ya riƙa karɓar aikin kwastoma ta wata na'urar.